Yadda Ake Kiyaye Inji Mai Shan Iska Daga Zafi

Darasi domin hakimai da magatakardansu a ƙasar Yauri

1. Dalilin wannan darasi

Ƙasar Yauri ƙasar ruwa ce, amma yawancin aikin hakimi bisa hanya yake yin sa. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, tafki ya cinye tsibirai da tsofaffin garuruwa, aka sake wa mutum wajen 44,000 mazauni a ƙasashen Yauri da Borgu, ƙauyuka suka watsu a gefen ruwa. Hakimin da ke wajen Wara, ko Ngaski, ko Shanga, idan Sarki ya kira shi Yelwa, ko rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, ko haihuwa ta gardama wa mace aka rasa abin da za a kai ta asibiti, to, abin hawansa ake dubawa. In ya mutu a tsakar daji, hasarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara kaɗai ba. Wani lokaci rai ne ke salwanta.

Babban abin da ke kashe inji a wannan ƙasa shi ne zafi. Cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke juya ƙafafun mota bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, ko ɗaya cikin uku in inji ya yi kyau ƙwarai. Sauran duk zafi ne, lalle kuwa a fitar da shi, in ba haka ba ƙarfe ya lalace. Hanyar fitar da shi iri biyu ce. Akwai inji mai lagireto, wanda ruwa ke zagaya shi. Akwai kuma inji mai shan iska, wanda ba a zuba masa ruwa ko kaɗan. A kan na biyun wannan darasi yake.

2. Asalinsa

Motar da ta fi shahara da irin wannan inji ita ce Volkswagen, wadda direbobi ke kira Boswaja, da 'yar'uwarta Kombi. Wani injiniya mai suna Ferdinand Porsche ya tsara ta a Jamus, aka kafa ma'aikatarta cikin 1938 a wurin da yanzu ake kira Wolfsburg. A Yaƙin Duniya na Biyu sojan Jamus sun yi aiki da wannan inji a hamadar Afirka ta Arewa, inda ruwa ya fi fetur wuyar samu. Cikin 1975 aka fara harhaɗa motar a Ikko, ta zama motar malamai da ma'aikata da masu sarauta a ko'ina cikin Arewa. An daina ƙera ta a Jamus cikin 1978, ta ƙarshe kuwa ta fito daga ma'aikatar Puebla a ƙasar Meksiko ran 30 ga Yuli, 2003, bayan an ƙera fiye da miliyan 21.

Yanzu waɗanda suka rage a hanya kaɗan ne, kayan gyaransu sun yi wuya, kanikawan da suka san su kuma sun tsufa. Wannan shi ya sa mai irinta ya kamata ya fi kowa tattali. Har wa yau, babur, da yawancin Keke Napep, da ƙananan janareto, da injin ban ruwa na masu noman albasa da shinkafa a bakin tafki, duk masu shan iska ne. Wanda ya fahimci injin motar ya fahimce su duka.

3. Yadda iska ke sanyaya shi

Injin yana baya, silindarsa huɗu ce, biyu dama biyu hagu, a kwance. Kowace silinda da kanta an yi musu haƙarƙari na ƙarfe jere da juna kamar haƙoran matsefi, domin zafi ya sami fili mai yawa da zai fita. Bisa injin akwai fanka cikin gidanta na kwano. Tana haɗe da dinamo, fambel ɗaya ke juya su tare. Fankar tana juyawa kusan ninki biyu na juyawar inji, in mota tana gudu sosai takan tura iska fiye da lita 500 cikin kowace daƙiƙa. Iskar tana shiga ta 'yan tagogin da ke ƙarƙashin gilashin baya, ko na gefe in Kombi ce, kwanuka su bi da ita ta tsakanin haƙarƙari, ta fita ta ƙasa da zafinta. Cikin gidan fankar kuma akwai wani ɗan akwati da baƙin mai ke ratsawa ya huce.

To, a nan akwai abin lura babba. Mota mai lagireto in ta yi zafi takan yi kuka: allura ta hau, ruwa ya tafasa, tururi ya tashi, ko yaro ya gani ya sani. Wannan kuwa ba ta da allurar zafi, ba ta da tururi. Tana tafiya lafiya lau a ganin direba, alhali cikinta yana cinyewa. Baƙin mai ya tsinke kamar ruwa, kan silinda ya tsage, bawul na hayaƙi ya miƙe har kansa ya gutsure ya faɗa bisa fistin. Sa'an nan sai a ji ƙara guda, mota ta tsaya. Saboda haka tsaron irin wannan inji tun a gida ake yin sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Abubuwa biyar da ake dubawa

Na fari, fambel. Shi ne ran injin, in ya tsinke fanka ta tsaya, cikin 'yan mintoci kaɗan inji ya ƙone. A danna tsakiyarsa da babban yatsa da ƙarfi. In ya lotsa kamar santimita ɗaya da rabi, daidai ne. In ya fi haka, ya saki, zai riƙa zamewa. In bai kai haka ba, ya yi tsauri, zai ci boris na dinamo. Ƙarfen da yake hawa a jikin dinamo ɓari biyu ne, da washa-washa a tsakani. In aka cire washa ɗaya daga tsakani fambel ya ƙara tsauri, wadda aka cire kuwa sai a mayar da ita ta waje ƙarƙashin noti, kada a yar. Sabon fambel yakan miƙe, sai a sake duba shi bayan tafiyar farko. Wanda ya tsattsage ko baƙin mai ya jiƙa shi, a sake shi. Kada mota ta bar gida ba tare da wani sabo a cikinta ba, da sufanar da za a ɗaura shi.

Na biyu, baƙin mai. Abin da injin ke ɗauka duka lita biyu da rabi ne, ga shi kuwa aiki biyu yake yi, yana sa ƙarfe santsi yana kuma ɗauke zafi. In rabin lita ya ragu, kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya tafi. A duba gejin mai kowace safiya, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a ga man yana tsakanin zane biyu. A juye shi a zuba sabo bayan kowane kilomita 5,000, watau mil 3,000, a lokacin ƙura kuwa kada a jira ya kai haka. Injin ba shi da filtar mai irin ta motocin yanzu, 'yar rariya ce kawai a ƙasa, sai a wanke ta duk sa'ad da aka juye mai. Mai kauri shi ya dace da ƙasar zafi, mai lamba SAE 40 ko 20W-50. A saya a cikin galan mai hatimi. Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya, sau da yawa tsoho ne aka tace.

Na uku, kwanuka da roba. Iskar da ke sama da inji mai sanyi ce, wadda ke ƙasa mai zafi ce, abin da ya raba su shi ne kwanukan da ke kewaye da inji da robar da ta bi gefensu. In kwano ɗaya ya ɓace, ko roba ta ruɓe, sai fanka ta riƙa shan iskar da ta riga ta fitar, kamar mutumin da ke shaƙar numfashinsa cikin tulu. Haka kuma 'yan robobin da ke toshe ramin fulogi, da bakin bututun da ke kai ɗumi cikin mota. Ko ba a bukatar ɗumin, kada a bar bakin a buɗe, gama iska za ta tsere ta nan. Wasu kanikawa sukan cire kwanukan su ce wai inji ya sha iska, sukan kuma fid da 'yan ƙyamaren da ke cikin gidan fanka su ce na ƙasar sanyi ne. Wannan kuskure ne. Ƙyamaren nan, in suna buɗe, su ke karkata iska zuwa kan silinda inda zafi ya fi yawa. In abin da ke buɗe su ya lalace, sai a ɗaure su a buɗe, a bar su a wurinsu. Duk ranar da mota ta dawo daga gareji, a ƙidaya kwanukanta.

Na huɗu, bawul. Tsakanin kowane bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara, a yawancin waɗannan injuna kashi 15 cikin ɗari na milimita. Da siraran ƙarafan awo ake gwada ta, sai kuma inji ya kwana ya yi sanyi sarai. In tazarar ta rufe, bawul ba zai zauna da kyau ba, ba zai sami inda zai sauke zafinsa ba, sai ya ƙone. A fi lura da silinda ta uku, wadda ke hagu ta wajen gaba. A injunan da aka yi kafin 1971, akwatin huce mai yana tsaye a kan hanyar iskarta, don haka ta fi sauran zafi, ita ce kuma ke fara lalacewa.

Na biyar, wuta da fetur. In taimin ya yi gaba da yawa, wuta tana tashi kafin lokacinta, inji ya yi zafi. Bakanike ne zai daidaita shi bisa ƙa'idar injin, kada a yarda da na kunne. In kafireto ya toshe, ko iska tana shiga ta wata kafa, fetur ya yi kaɗan cikin iska, wannan ma zafi yake kawowa. Fulogi shi ne mai ba da shaida. In aka kwance shi aka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya. In fari fat ne, inji yana cin wuta. A guji fetur ɗin 'yan bumburutu wanda ba a san asalinsa ba, gama wanda aka gauraya da kananzir yana sa inji ƙara da zafi.

5. Kowane lokaci da irin haɗarinsa

Da bazara, cikin Maris da Afrilu, zafin rana a Yelwa yakan kai digiri 40 na ma'aunin Selshiyas. Iskar da za ta sanyaya inji ita kanta da zafinta take zuwa. In tafiya ba ta gaggawa ba ce, a yi sammako bayan asuba, ko a bari sai la'asar. A babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta bi ta Yelwa zuwa Koko da Jega, kada kyan kwalta ya ruɗi direba ya take totur har ƙasa sa'a guda cur. Ya rage kaɗan, ya riƙa tsayawa.

Da hunturu, ƙura ce abokiyar gaba. In inji yana yoyon mai, ƙura takan manne a jikin haƙarƙari ta zama kamar yaɓe, zafi ya rasa mafita. A toshe yoyon, a wanke injin da kananzir da buroshi bayan ya huce. Tukunyar tace iska da ke bisa kafireto mai a cikinta yake kama ƙura. In ya zama laka, a wanke a zuba sabo, ko da kowane mako ne.

Da damina, laka ce. Hanyoyin da ke sauka zuwa ƙauyukan bakin tafki da mashigin jirage sukan cika da taɓo, ya manne a ƙarƙashin inji ya bushe, ya toshe inda iska mai zafi ke fita. Bayan kowane rangadi a leƙa ƙasa a kankare. Kada kuma a afka cikin ruwa mai zurfi da inji mai zafi.

Da kaka, ciyawa da ƙaiƙayi da leda su ke shiga fanka. Motar da ta daɗe a ajiye, ɓera yakan yi sheƙa cikin gidan fankarta, zanzaro kuma ya yi gini tsakanin haƙarƙari. Tsumman da direba ya manta a ɗakin inji, shi ma fanka takan zuƙe shi. A kashe inji, a zura hannu ta bayan gidan fanka a laluba.

6. Tuƙi da lodi

Gudun fanka yana bin gudun inji, ba ya bin gudun mota. Direban da ya shiga rairayi ko ya kama hawa da babbar giya, yana danna totur inji yana nishi, ya haɗa abu biyu marasa kyau: wuta da yawa, iska kaɗan. Sai ya sauko giya ta uku ko ta biyu, inji ya juya da sauri, fanka ta yi aikinta. In gudu bai kai kilomita 50 a sa'a ba, giya ta huɗu ba wurinta ba ne. In mota ta kafe a yashi, kada a yi ta murza ƙafa. A sauka a haƙa, a sa itace, a nemi masu turi.

Lodi kuma yana da iyaka. Abin da ƙaramar Volkswagen ke ɗauka, mutane da kaya duka, wajen kilo 380 ne. Mutum huɗu masu kilo saba'in saba'in sun cinye 280, saura ɗari. Hakimi in ya je rangadi ba ya dawowa hannu wofi, ga buhun shinkafa, ga albasa, ga kwandon kifi, ga mai neman a rage masa hanya. Abin da ya wuce kima a bar shi ya biyo motar kasuwa. Kada kuma a ɗaura tabarma ko buhu ya sauko ya rufe tagogin iska na baya.

7. Alamun zafi, da abin da za a yi

Ko da yake injin ba shi da allura, mai lura zai ga alamu. Ƙarfin mota ya ragu. A ji ƙauri na ƙonannen mai. A ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da aka taka totur. Fitilar mai ta riƙa ƙiftawa in an tsaya. A kashe makulli inji ya ci gaba da ɗan bugawa. Gwaji mafi sauƙi shi ne gejin mai. In an zaro shi hannu ya iya riƙe shi, da sauƙi. In bai riƙu ba, zafi ya yi yawa. Zafin mai na lafiya daga digiri 80 ne zuwa 100, in ya haura 120 an shiga haɗari.

Fitilu biyu ne cikin agogon gudu. Ɗaya ta dinamo, ja ce. Ɗaya ta mai, a tsofaffin motoci kore ce, a na baya ja. In ta dinamo ta kama ana cikin tafiya, kada direba ya ce batir ne kawai, a ƙarasa gari. Mai yiwuwa fambel ne ya tsinke. Kowace ta kama cikin biyun, a tsaya nan take a kashe inji.

In kuwa fambel yana nan, mai kuma bai ragu ba, sai a nemi inuwa, a bar inji yana juyawa a hankali minti biyu ko uku domin fanka ta kwashe zafin, kana a kashe, a buɗe murfi, a jira rabin sa'a ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa. Kada a kuskura a watsa masa ruwa, ko da a bakin tafki aka tsaya. Kan silinda na alminiyam ne, ruwan sanyi yana iya tsaga shi. In wuta ta tashi, yawanci daga tsohon tiyon fetur ne, sai a yi ta da na'urar kashe gobara ko da yashi. Cikin injin an yi shi da ƙarfen maganiziyam, wanda in ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi.

8. Babur, janareto da injin ban ruwa

Yawancin babura ba su da fanka, iskar tafiya ke sanyaya su. Saboda haka kada a bar babur a tsaye yana aiki ana hira, kada a ɗora masa mutum huɗu a shiga yashi, a kuma kankare lakar da ke jikin haƙarƙarinsa. Janareto da injin ban ruwa suna da fanka a bayan murfin da ake jan igiya. Kada a cire murfin, kada a bar ciyawa ta toshe shi, kada a kifa musu buhu don rana, sai dai a yi musu rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Mansu kaɗan ne, a duba shi kullum kafin a tayar. Janareto kuwa, ko kusa kada a kunna shi cikin ɗaki ko zaure a rufe. Ban da zafin da zai yi, hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutane cikin barci. Injin jirgin ruwa dabam yake, yawancinsa ruwan tafki yake zuƙa. In 'yar tsartuwar ruwan da ke fita ta bayansa ta tsaya, a kashe shi a duba.

9. Aikin hakimi da na magatakarda

Ba a ce hakimi ya zama bakanike ba. Abin da ke kansa shi ne ya ba direba lokaci da kuɗin mai, kada ya matsa masa ya wuce bayan fitila ta kama, kada kuma ya yi masa faɗa don ya tsaya inji ya huce. Direban da ke tsoron maigidansa yakan ɓoye alama har ɓarna ta auku.

Magatakarda kuwa ya buɗe littafi na musamman domin abin hawa, kamar yadda yake da na haraji da na wasiƙu. Ya rubuta kwanan wata, da lambar da agogon tafiya ya nuna, da man da aka ƙara, da ranar da aka juye shi, da ranar da aka sake fambel, da abin da bakanike ya samu a kowane bawul cikin takwas ɗin. Amfanin wannan littafi babba ne. In aka ga sau biyu ko uku a jere bawul guda, misali na hayaƙi a silinda ta uku, kullum tazararsa a rufe ake samun ta, to, miƙewa yake yi, ya kusa gutsurewa. Sake shi a lokacin kuɗi kaɗan ne. In aka bari ya faɗa, sai an sauke inji duka, watakila kuma a rasa kayansa. Haka in man da ake ƙarawa ya yi ta hauhawa wata bayan wata. Abin da ido bai gani ba a rana guda, alƙalami yakan nuna shi cikin wata shida.

10. Tambayoyi

Ya kamata magatakarda ya karanta wa direba wannan darasi, sa'an nan ya tambaye shi:

(a) In jar fitilar dinamo ta kama ana cikin tafiya, me za a yi, don me?
(b) Lita nawa ne baƙin man injin, bayan tafiya nawa ake juye shi?
(c) Me ya sa ba a cire kwanukan da ke kewaye da inji?
(d) Wace giya ta dace da yashi da hawa?
(e) Me ya hana a watsa wa inji mai zafi ruwa?

Direban da ya amsa waɗannan biyar daidai, ya kuma aikata su, an iya ba shi amanar mota da ta mutanen da ke cikinta. Allah ya kiyaye hanya.